Abin da ya ci gidan Willy Loman

Kowane mako wani dattijo mai shekara 63 yakan shiga ofishin maƙwabcinsa a birnin New York ya karɓi rancen dala 50, ya koma gida ya miƙa wa matarsa a matsayin kuɗin aikinsa. Matar ta san rance ne. Ta san kamfanin da ya yi wa bauta sama da shekara 30 ya yanke masa albashi ya bar shi da kamasho kawai, kamar yaron da aka ɗauka jiya, ta kuma san kasuwa ta juya masa baya. Duk da haka sai ta sa hannu ta karɓa, ta zauna tana lissafin bashin firij da na gyaran mota da na gida, ko a fuska ba ta nuna masa. Shi ma maƙwabcin ya san kuɗin nan ba masu dawowa ba ne. Mutum uku ke nan suna riƙe da magana ɗaya, kowa ya danne ta a ciki don kada ran wani ya ɓaci.

Dattijon shi ne Willy Loman, wanda marubucin nan na Amurka, Arthur Miller, ya gina wasan kwaikwayonsa Death of a Salesman a kansa, wato mutuwar ɗan tallan kamfani. An fara nuna wasan a gidan wasa na Morosco da ke New York ranar 10 ga Fabrairun 1949, aka yi ta maimaita shi har sau 742 kafin a sauke, ya kuma ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta rubutu a Amurka, a shekarar. Daga lokacin zuwa yau ana ta sake shirya shi a wurare daban-daban. Ni a takarda na fara haɗuwa da shi, ina ɗalibi, cikin wani tsohon kwafi na aro da bangonsa ya yage. A wancan karatun haushin mutum ɗaya na ji, mai kamfanin da ya kori Willy. Na sake karantawa bayan na tara iyali, 'ya'yana sun fara tasawa, sai na ga ashe ban fahimci rabin abin da ke ciki ba. Yau ra'ayina shi ne kamfani ya zalunci Willy Loman, amma abin da ya ci gidansa daga cikin gidan ya fito, kuma ya riga takardar kora isowa da shekaru masu yawa.

Bari in fara da ba kamfanin rabonsa na laifi, don ba ƙarami ba ne. Willy ya tsufa, ba ya iya doguwar tafiya a mota kuma, hankalinsa kan gushe yana tuƙi. Sai ya je wurin Howard Wagner, ɗan tsohon maigidansa da ya gaji kamfanin, ya roƙi a ba shi wani ɗan aiki a cikin gari. Ya tarar da Howard yana wasa da sabuwar na'urar ɗaukar murya da ya saya dala 150, yana kunna masa muryar 'yarsa tana fito, da ta ɗansa yana jero sunayen manyan biranen jihohi. Dattijon yana tsaye yana jiran a saurare shi. Da ya samu bakin magana ya ce a ba shi dala 65 a mako. Babu. Ya sauko 50. Babu. Ya sauko 40, yana tuna wa Howard cewa ya san shi tun yana cikin zanen goyo, yana tuna masa alkawuran da mahaifinsa ya yi. Ƙarshe Howard ya ce ya je ya huta, ya dawo da akwatunan samfurin kaya, har yana tambayarsa ina 'ya'yansa, me ya hana su taimaka masa. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Duk wanda ya taɓa raka tsoho bin haƙƙinsa daga wannan tebur zuwa wancan ya san zafin wannan fitowa, kuma ban yarda wani ya wanke Howard da cewa ai kasuwanci ya gaji haka ba.

Miller ba daga nesa ya hango wannan ba. An haife shi a 1915, mahaifinsa yana da masana'antar ɗinka tufafin mata mai ɗaruruwan ma'aikata a New York. Da kasuwar hannun jari ta rushe a 1929 dukiyar ta tafi, suka tattara suka koma wani ƙaramin gida a Brooklyn, yaron da aka saba kaiwa yawo a mota ya koma rarraba burodi da asuba kafin ya tafi makaranta. Ya ga yadda karaya ke shiga jikin uba. Yana kuma da wani kawu ɗan talla, mai cika baki, wanda kullum yake gwada 'ya'yansa da 'ya'yan wasu, daga baya ya hallaka kansa. Saboda haka masu cewa wasan tuhuma ce ga tsarin da ke auna mutum da abin da ya sayar a wata, suna da hujja. Masu kuɗin ma sun gane haka. Lokacin da aka mayar da wasan fim a 1951, kamfanin fim ɗin ya shirya wani gajeren fim da za a riƙa nunawa kafinsa, mai yabon sana'ar talla, don kada jama'a su fita da mummunan zato. Sai da Miller ya tayar da ƙayar baya aka janye shi.

To amma ga abin da ya hana ni tsayawa a nan. A ranar da aka kori Willy, da ya je karɓar rance, maƙwabcin nan Charley ya ce masa ga aiki a wurinsa, dala 50 a mako, ba tafiya ko ina. Ya fi abin da ya gama roƙon Howard ɗazu. Willy ya ƙi. Ba kuma ranar ce ta farko da ya ƙi ba. Zai iya karɓar rancen da ya san ba zai biya ba, amma ba zai iya karɓar albashi daga hannun mutumin da ya yi shekaru yana rainawa ba, domin yin haka amincewa ce cewa hanyar Charley ta ɓulle, tasa ta ɓace. Gidajen nan biyu katanga ɗaya ce tsakaninsu. Gari ɗaya, zamani ɗaya, kasuwa ɗaya. Ɗan Charley, Bernard, yaron da Willy ke yi wa ba'a saboda tabarau da yawan karatu, ya zama lauya, kuma ranar yana kan hanyar zuwa Washington zai tsaya gaban Kotun Ƙoli. Bai ma faɗa da bakinsa ba, sai da ubansa ya faɗa. Willy ya yi mamakin yadda mutum zai yi irin wannan abu ya yi shiru, shi da a gidansa ake shelar abin da ba a ko fara ba.

Me Willy ya koya wa 'ya'yansa biyu, Biff da Happy? Abu ɗaya ne, ya kuma nanata shi har ya zame musu kamar karatun allo: ka zama mai farin jini, a so ka, a san da zuwanka, sauran duk za su biyo baya. Wannan aƙida tana da asali. Yana saurayi ya ga wani tsohon ɗan talla mai shekara 84, Dave Singleman, wanda yake zaune a ɗakin otal da silifas a ƙafa yana ciniki ta waya, da ya mutu kuma ɗaruruwan 'yan kasuwa suka halarci jana'izarsa. Tun ranar Willy ya sa wa ransa cewa haka mutum ya kamata ya rayu, haka ya kamata ya mutu. Bai taɓa tsayawa ya tambayi me ya sa mai shekara 84 yake neman abinci shi kaɗai a ɗakin otal ba.

Da wannan ma'auni ya yi renon Biff. Yaron kyakkyawa ne, ƙaƙƙarfa, gwanin irin zari-rugar nan ta Amurkawa, jami'o'i uku suna zawarcinsa. Ya ɗauko ƙwallon makaranta ba da izini ba, uban ya yi dariya ya ce ai kocin ma yaba masa zai yi. Ana gina dogayen benaye kusa da su, uban da kansa ya tura yaran su kwaso yashi, yana alfahari da katakon da suka sato a baya. Bernard ya zo yana gargaɗin cewa malamin lissafi zai kayar da Biff in bai yi karatu ba, uban ya ce to ya riƙa ba shi amsa a ɗakin jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Willy ya tanƙwara nasa, sai dai ta karkatacciyar fuska. Yaron da aka yi wa tafi don ya saci ƙwallo shi ne ya girma ya yi wata 3 a gidan yari a Kansas City saboda satar kwat, shi ne kuma yana da shekara 34 ya shiga ofishin tsohon maigidansa ya zari alƙalami ya fita da gudu ba tare da ya san dalili ba.

Sai kuma abin da ya faru a Boston, wanda shi ne ƙashin bayan wasan. Biff ya faɗi lissafi, maki 4 kacal suka hana shi tsallakewa. Bai yi tunanin kowa ba sai Babansa, wanda a ganinsa babu ƙofar da ba ta buɗe masa. Ya hau jirgin ƙasa ya bi shi har otal don ya zo ya yi wa malamin magana. Yana cikin ba shi labari, har sun fara dariya, sai wata mata ta fito daga banɗaki tana neman safar da Willy ya yi mata alkawari. Safa ce irin wadda uwar Biff ke zama tana ɗinke tsofaffinta a gida saboda babu halin sayen sabuwa. Yaron ya zauna ya fashe da kuka. Bai koma ya gyara jarrabawar ba, ya ƙona takalman da ya rubuta sunan jami'ar Virginia a jikinsu, ya shiga duniya.

Masu nazari da yawa sukan ce cin amanar aure ce ta raba uba da ɗa. Ni ina ganin abin ya zarce haka. Yaro zai iya gane cewa ubansa mai kuskure ne ya ci gaba da rayuwa, in dai an gina shi a kan wani abu nasa na kansa. Biff ba a ba shi komai nasa ba. Bai iya karatu ba, ba a bar shi ya ɗauki sana'a da muhimmanci ba, jarinsa kaf shi ne maganar ubansa cewa shi na daban ne. Ranar da ya gano mai maganar maƙaryaci ne, sai maganar ma ta zube, ya duba hannunsa bai ga komai ba. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne bai taɓa faɗa wa uwarsa ba. Shekara da shekaru tana zarginsa da rashin ladabi, tana ce masa in ba zai girmama ubansa ba ya bar gidan, yana haɗiye abin da ya gani. Shi kuma uban, maimakon ya nemi gafarar ɗansa sau ɗaya, sai ya riƙa cewa yaron don ya baƙanta masa ne ya lalata rayuwarsa.

Akwai wani mutum a wasan da ni, a matsayina na ɗan Afirka, ba na iya wuce shi. Shi ne Ben, yayan Willy, wanda ya riga ya mutu amma yake ta zuwar masa a tunani da jaka da lema. Taƙamarsa ita ce ya shiga daji yana ɗan shekara 17, ya fito yana da 21 da dukiya. Dajin nan Afirka ne, dukiyar kuma ma'adinin lu'ulu'u ce, har Willy yana ambaton Gold Coast da ɗoki, ƙasar da muke kira Ghana a yau. Sau da yawa Willy yana roƙonsa ya gaya masa sirrin, amma ba mu taɓa jin amsa ba, ba a kuma taɓa tambayar waɗanda suka shiga rami suka haƙo duwatsun ba. Darasi ɗaya Ben ya koyar a fili, a wata ziyara da ya kawo musu lokacin yana raye: ya ja Biff da wasan dambe, ya taɗe shi, ya ɗora masa tsinin lema a kan ido, ya ce kada ya kuskura ya yi faɗan gaskiya da baƙo. Mutumin da Willy yake so 'ya'yansa su yi koyi da shi ke nan. Ya ga kuɗin, bai damu da hanyar da suka biyo ba.

Yanzu in zo kan Linda, matar gidan, wadda a kanta ne na fi saɓa wa mutane. Kowa yana yabon haƙurinta, kuma ta cancanci yabo. Ita ce ta tsayar da 'ya'yanta cikin dare ta ce musu ubansu ba shahararre ba ne, sunansa bai taɓa fitowa a jarida ba, amma mutum ne, wani mugun abu yana faruwa da shi, dole a kula da shi. Babu wanda zai ji wannan jikinsa bai yi sanyi ba. Sai dai ita ce kuma, idan ya dawo daga tafiya ya faɗi adadin kayan da ya sayar, ta ɗauki fensir, yana saukowa kaɗan-kaɗan har ya tsaya a kashi ɗaya cikin shida na abin da ya fara faɗa, ba ta taɓa ce masa don me ba. Da Ben ya yi masa tayin aikin katako a Alaska, aikin da ya dace da mutum mai son sarari da aikin hannu, ita ce ta ce ya zauna, ai yana gina wani abu a kamfani. Da ta gano guntun tiyon roba da ya ɓoye a ɗakin ƙasa kusa da bututun gas, ta san abin da yake shirin yi da shi, wato ya shaƙi gas ɗin ya kashe kansa, sai ta riƙa ɗauke shi in ya fita, ta mayar kafin ya dawo, wai don kada ta kunyata shi.

Mu Hausawa muna da kalmar da muke ji da ita, rufin asiri, kuma ina cikin masu ganin girmanta. Mace ta ɗora tukunya da ruwa zalla don kada maƙwabta su san ba a yi girki ba, wannan mutunci ne. Amma rufin asiri daga idon na waje ake yin sa. Idan ya kai ga mutanen ɗaki ɗaya suna ɓoye wa juna abin da dukansu suka sani, ya tashi daga rufin asiri, ya zama ciwon da aka naɗe da tsumma ana fesa masa turare.

Na ga irin wannan da idona. Ina zaune gidan Baffana a Kaduna lokacin da masaƙar da yake aiki ta durƙushe aka sallame su hannu rabbana. Bai faɗa wa kowa a gida ba. Kullum da sassafe zai sa riga a goge, ya karya hula, ya ɗauki jakarsa ya fita, sai la'asar ya dawo yana ba da labarin ofis. Ashe shagon wani amininsa yake zuwa ya wuni a kan benci. Mun yi watanni a haka, cefane yana raguwa, shi kuma yana ta faɗa da babban ɗansa a kan lallai sai ya karanta likitanci, alhali yaron hankalinsa yana kan haɗa wayar wuta. Wata safiya ya sunkuya yana sa takalmi a bakin ƙofa, Inna matarsa ta fito da kwanon koko ta ajiye a gabansa ta ce, "Malam, mun sani. Cire takalmin ka karya." Ya daɗe a sunkuye bai ɗago ba. Ni da nake shara a tsakar gida na rasa inda zan sa idona. Da ya ɗago sai ya cire hular ya ajiye a gwiwa, ya ce a kira masa yara. Ranar an yi kuka a gidan, amma daga ranar aka fara lissafin gaskiya. Ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da atamfa, yaron ya tafi koyon aikin wuta. Ba su yi arziki ba. Baffa ya rayu shekaru bayan haka, kuma ɗan nan ne ya riƙe gidan. Kalmar da Inna ta faɗa da kwanon koko a hannu ita ce Linda ta kasa faɗa a cikin shekarun aurenta duka.

A gidan Loman wanda ya faɗe ta shi ne Biff, kuma ya faɗe ta a makare, da ihu. Ya je neman jarin kasuwanci wurin tsohon maigidansa Bill Oliver, domin a gida an yi shekaru ana cewa shi babban ɗan talla ne a wurin, Oliver yana ji da shi. Ya yi awa 6 yana jira. Mutumin ya fito ya kalle shi bai ma gane shi ba. A nan Biff ya tuna cewa shi ɗan ɗaure kaya ne kawai a shagon, ƙaryar gida ce ta yi ta kumbura har shi ma ya yarda da ita. Yana saukowa daga benen da gudu, da alƙalamin sata a hannu, sai ya tsaya ya ga sararin sama, ya tambayi kansa me yake nema a nan, shi da abin da yake so shi ne aikin gona da dawakai da iska. Da daddare ya ajiye tiyon nan a kan tebur gaban kowa, ya ce a gidan nan ba a taɓa faɗin gaskiya na minti goma ba. Ya ce wa ubansa shi ba kowa ba ne, uban ma ba kowa ba ne, mutane ne irin waɗanda ake samu ko ina, ya roƙe shi ya ƙona wannan buri kafin wani abu ya faru. Sannan ya faɗa jikinsa yana kuka.

Na san da yawa daga masu karanta wannan za su ce ɗa ba ya yi wa uba haka, ko me uban ya yi. Ni ma a haka aka rene ni, kuma ba na so ɗana ya ɗaga mini murya. Amma a duba ɗayan ɗan. Happy bai taɓa musa wa ubansa ba. Kullum cewa yake Baba ya yi daidai, kullum yana ba Biff shawarar ya gaya wa tsoho abin da zai faranta masa. Shi ne kuma a gidan abinci, da uban ya ruɗe ya shiga banɗaki yana magana shi kaɗai, ya ce wa 'yan matan da suke tare ai wannan ba ubansa ba ne, wani mutum ne kawai, suka fice suka bar shi. A cikin su biyu wa ya girmama ubansa? Wanda ya ɗauke tiyon, ko wanda ya yi ta gyaɗa kai?

Wurin da ya fi karya mini zuciya shi ne abin da Willy ya yi da hawayen ɗansa. Ya tsaya cikin mamaki ya ce ashe yaron yana sonsa. Shekaru yana zaton ƙiyayya ce. Mutum zai ce to an kai gaci, tunda abin da yake nema a wurin baƙi a garuruwa ga shi a cikin ɗakin girkinsa, kyauta, ba don ya sayar da komai ba. Amma Willy bai san yadda ake karɓar ƙauna ba tare da an biya ba. Nan take ya koma lissafi: inshorar ransa dala 20,000 ce, in Biff ya samu wannan kuɗi zai wuce Bernard. Yaron ya gama ce masa ba ya son wannan tsere, uban ya ji, ya fita ya tayar da mota don ya saya masa wuri a cikin tseren. Kashe kai babban laifi ne a addininmu, wasan ma bai ƙawata shi ba. Ko kuɗin ba a nuna an biya ba, don tun farko mai binciken kamfanin inshora ya riga ya gano cewa haɗurran motar da Willy ke yi ba haɗari ba ne.

Kuma mutumin nan yana da baiwa. Shi ya yi silin ɗin falonsa, shi ya gina matakalar ƙofar gida da gareji da ƙarin banɗaki. Mahaifinsa ma mai sassaƙa sarewa ne, yana yawo da iyali a keken doki yana sayar da abin da hannunsa ya ƙera. Miller bai taɓa gaya mana abin da ke cikin akwatunan Willy ba, amma mun san duk abin da ya gina da siminti. Da ya yarda ya zama kafinta ko magini, da ya ci abinci da guminsa yana murna. Sai dai ya ɗauki aikin hannu ƙasƙanci, har yana yi wa Biff gori da cewa ko kakansa ya fi ƙarfin kafinta. A darensa na ƙarshe an gan shi a bayan gida da tocila da fartanya, yana karanta bayan takardun irin karas da latas, yana auna ƙasa da ƙafa, a filin da dogayen benaye suka tare wa rana tun da daɗewa.

A 1983 Miller ya je Beijing ya shirya wasan da 'yan wasan ƙasar Sin, Ying Ruocheng ya fassara shi ya kuma fito a matsayin Willy. Ana fargabar mutanen da ba su saba da ɗan talla mai yawo ko inshorar rai ba ba za su gane ba. Suka gane sarai, domin uban da ya ɗora wa ɗansa nauyin abin da shi ya kasa ba baƙo ba ne a wurinsu. A wurinmu ma ba baƙo ba ne. Ni kaina na kama bakina yana gaya wa ɗana abin da ɗan wane ya ci a jarrabawa, a daren da ya zo yana ɗokin nuna mini wani abu da ya haɗa da hannunsa. Na ga yadda ya mayar da abin bayansa a hankali, kuma har yau abin yana damuna. Son ɗa ya fi ka halal ne, kowane uba yana da shi. Abin da nake ƙi shi ne uba ya mayar da ɗansa wurin biyan bashin da duniya ta ci masa, har yaron ya kasa gane ko shi ake so ko abin da ake jira ya zama.

Jana'izar da Willy ya yi ta hasashe, wadda 'yan kasuwa za su zo daga jihohi da motoci masu baƙin lambobi har Biff ya san ko wane ne ubansa, ba ta samu kowa ba sai iyalinsa da Charley da Bernard. Linda tana tambaya ina mutanen da ya sani. A ranar ce ta biya kason ƙarshe na bashin gidan da suka yi shekara 25 suna biya, ga gida ya zama nasu babu mai zama a ciki. Charley ya ce kada wanda ya zargi mamacin, sana'ar ce ta gaji buri. Biff ya ce Baba bai taɓa sanin ko shi wane ne ba, ya ce wa ƙanensa ya zo su tafi tare.

Happy ya ƙi. Shi ne ɗan da tun yana ƙarami yake kwanciya a ƙasa yana wutsil-wutsil da ƙafafu, yana cewa Baba ka ga na rage ƙiba, uban bai juyo ba. Ya girma yana shelar zai yi aure duk lokacin da aka yi shiru, uwar ta ce ya je ya kwanta. Yana da shekara 32, mataimakin mataimaki ne a wani kanti amma yana faɗin muƙamin da ya fi nasa. A bakin kabarin, da ƙasa ba ta gama bushewa ba, shi ne ya dunƙule hannu ya ce burin Baba mai kyau ne, zai zauna a garin nan ya ci masa wannan yaƙi.